Soyayya a ƙarƙashin dokar jini: me ya sa ake jayayya kan labaran soyayya na zamanin zaluntar Yahudawa?

Kusan kowace shekara sai an fitar da sabon littafi ko fim a Turai da Amurka mai irin wannan labari: budurwa Bayahudiya, saurayi Bajamushe ko Bafaranshe, da gwamnatin da ta ce haɗuwarsu laifi ne. Wasu littattafan sun sayu miliyoyi, an juya su zuwa harsuna da dama, an mai da su finafinai masu dogon zango. Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai shi ne, littafi guda za ka ji wasu na yabawa sun ce ya raya tarihi, sannan gidan tarihi na Auschwitz, babban sansanin kisa da 'yan Nazi suka kafa a Poland, ko iyalan waɗanda aka kashe su fito su ce ya ɓata shi. Jayayyar ta haɗa batutuwa daban-daban: abin da ya faru a zahiri, ƙa'idar da labarin soyayya yake bi, da kuma wane ne marubuci ya sa yake son wa.

Wane irin rubutu ake nufi?

Ƙagaggen labari na tarihi shi ne marubuci ya ɗauki zamani da wuri na gaske ya dasa mutanen da ya ƙirƙira, ko ya ɗauki mutanen da suka rayu da gaske ya sa musu zance a baki. Labarin soyayya kuwa, a kasuwar littattafan Amurka, yana da ƙa'ida sananniya: soyayyar ce ginshiƙin labari, kuma dole ƙarshe ya faranta wa mai karatu rai. Wanda ya saba da littattafan soyayya na Hausa ya san wannan tsari: iyaye su ƙi, ko a yi auren dole, ko talauci ya shiga tsakani, a sha wuya, a ƙarshe a ɗaura aure. Bambancin shi ne, a labaran da ake magana a kansu, mai hanawa ba uba ba ne ko kawu da za a tura dattawa su ba shi baki. Hukuma ce mai 'yan sanda da kotu da sansanin kisa.

Mafi yawan labaran suna faruwa ne a zamanin Holocaust, wato kisan kiyashin da gwamnatin Nazi ta Jamus da masu taya ta suka yi wa Yahudawan Turai. Zaluncin ya fara a 1933 da hawan Hitler mulki, kisan gama-gari kuma ya gudana tsakanin 1941 da 1945. An kashe kimanin mutum miliyan 6, wato kusan kashi biyu cikin uku na Yahudawan nahiyar, ciki har da yara kusan miliyan ɗaya da rabi. Wannan duk ya faru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma waɗanda aka kashe 'yan ƙasashen Poland ne da Hungari da Jamus da Faransa da sauransu, teloli da likitoci da malamai da 'yan kasuwa. Daga nan matsalar farko ta taso: tsarin da ke neman ƙarshe mai daɗi an ɗora shi a kan zamanin da mafi yawan mutanensa ba su tsira ba.

Haramcin ya girmi Hitler

Hana aure tsakanin Bayahude da Kirista tsohon abu ne a Turai. A shekara ta 388 Daular Rum ta yi doka cewa irin wannan aure za a ɗauke shi a matsayin zina. A 1215 babban taron limaman coci da Fafaroma Innocent na Uku ya kira a Roma ya umarci Yahudawa da Musulmi da ke ƙasashen Kirista su riƙa sa tufafin da za a gane su da shi, kuma dalilin da aka rubuta shi ne don kada Kirista ya sadu da matansu bisa kuskure, ko su su sadu da matan Kirista. Dokar addinin Yahudawa ita ma ta hana auren wanda ba Bayahude ba, don haka sau da yawa masoya suna fuskantar ƙi daga gidaje biyu.

Amma haramcin addini yana da ƙofa: wanda ya sauya addini, an buɗe masa. A Sifaniya ne aka fara rufe wannan ƙofa. Bayan da dubban Yahudawa suka karɓi Kiristanci, da yawa bisa tilas, sai birnin Toledo ya kafa ƙa'idar "tsarkin jini" a 1449, wadda ta hana tubabbu da zuriyarsu riƙe muƙamai. Daga baya irin wannan ƙa'ida ta shafi zuriyar Musulmin Andalus ma. A 1492 aka kori Yahudawan da suka ƙi sauya addini, da yawansu suka sami mafaka a Maroko da Daular Usmaniyya. Shi ya sa wani kaso na waɗannan labarai ke faruwa a Sifaniya ta wancan ƙarni, inda mutum zai iya zama Kirista tun daga kakansa amma a fasa aurensa saboda an tono asalinsa.

Marubutan farko na wannan fanni sun san iyakar da zamanin ya gindaya. A littafin Ivanhoe na Walter Scott, wanda ya fito a 1819, jarumin bai auri Rebecca Bayahudiya ba, ita da mahaifinta suka bar Ingila. Masu karatu da yawa sun so a aurar da su. Scott ya amsa daga baya cewa ƙiyayyar wancan zamani ta sa irin wannan aure kusan ba mai yiwuwa ba ne.

Abin da dokokin 1935 suka ce

A Jamus, tun 1875 auren kotu ya ba mabiya addinai daban-daban damar yin aure, kuma dubban Yahudawa sun auri Kiristoci. Yahudawan ƙasar a 1933 kimanin 500,000 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba.

A ranar 15 ga Satumba 1935, a birnin Nuremberg, aka zartar da dokoki biyu. Ɗaya ta cire wa Yahudawa cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa. Ɗayar, mai suna dokar kare jinin Jamusawa da mutuncinsu, ta haramta aure da saduwa tsakanin Bayahude da mai "jinin Jamus", ta kuma hana Yahudawa ɗaukar Bajamusa 'yar ƙasa da shekara 45 aikin gida. A watan Nuwamba aka fayyace wane ne Bayahude, kuma da kakanni aka auna: mai kakanni uku ko huɗu Yahudawa Bayahude ne, ko da an yi masa baftisma yana jariri, mai ɗaya ko biyu kuma ruwa-biyu ne mai nasa matsayi. Italiya ta yi irin wannan doka a 1938, Hungari a 1941.

Laifin saduwa an kira shi Rassenschande, wato ɓata jinsi. A rubuce, namiji kaɗai dokar ta tanadar wa hukuncin ɗauri, ko Bayahude ne ko Bajamushe. A aikace mata ba su tsira ba: an zagaya da wasu a titi da allo a wuya, 'yan sandan sirri na Gestapo kuma sun tura matan Yahudawa da dama sansanin gwale-gwale ba tare da shari'a ba. Kafin ƙarshen 1940 an yanke wa kusan mutum 2,000 hukunci a kan wannan laifi, kuma yawancin ƙararrakin daga tsegumin maƙwabta da abokan aiki suka fito. Wannan ɓangare ne da labarai da yawa ke tsallakewa, domin ya fi sauƙi a zana mugu guda sanye da kakin soja a kan a nuna cewa mai gidan haya ko matar maƙwabci ce ta kai rahoto.

Shari'ar Leo Katzenberger ta nuna iyakar da abin ya kai. Dattijo ne ɗan shekara 68, mai sana'ar takalma kuma shugaban al'ummar Yahudawan Nuremberg. Maƙwabta suka zarge shi da neman Irene Seiler, wata mai ɗaukar hoto da ke haya a gidansa. Dukansu sun musanta, ita ta rantse cewa kamar uba yake a gare ta. Dokar ba ta tanadi kisa ba, sai alƙali Oswald Rothaug ya jingina da wata dokar lokacin yaƙi, ya ce Katzenberger ya yi amfani da duhun da ake sawa saboda hare-haren jiragen sama. An fille masa kai a watan Yuni 1942, ita kuma aka ɗaure ta shekara biyu bisa zargin shaidar zur. A 1947 kotun Amurkawa a Nuremberg ta yanke wa Rothaug ɗaurin rai-da-rai.

Auren da ya riga doka

Dokar 1935 ba ta rushe auren da aka riga aka ɗaura ba. A 1939 akwai irin waɗannan ma'aurata kimanin 20,000, kuma a nan ne tarihi ya fi cika da abin da marubucin soyayya ke nema. Hukuma ta matsa wa wanda ba Bayahude ba lamba ya yi saki: a kore shi daga aiki, a rage masa rabon abinci, dangi su juya masa baya. Muddin auren yana nan, Bayahuden cikinsa yana da 'yar kariya daga kora zuwa sansanonin kisa na gabashin Turai. Ranar da aka yi saki, ko abokin zama ya rasu, kariyar ta faɗi.

Victor Klemperer, farfesa a Dresden, an kore shi daga aiki a 1935, daga baya aka fitar da shi daga gidansa aka kai shi gidan da aka keɓe wa Yahudawa. Matarsa Eva, wadda ba Bayahudiya ba ce, ta bi shi can, ta sha yunwa da binciken Gestapo tare da shi. A ranar 13 ga Fabrairu 1945 shi ne aka sa ya raba wa sauran Yahudawan garin takardun kora, a daren kuma jiragen yaƙin ƙasashen ƙawance masu yaƙar Jamus suka yi wa Dresden ruwan bama-bamai, suka cire tauraron rawaya, alamar da aka tilasta wa Yahudawa sawa, daga rigarsa suka gudu. Lilli Jahn, likita mai 'ya'ya biyar, labarinta ya bi ta ɗaya hanyar. Mijinta, shi ma likita, ya sake ta a 1942. Aka kama ta a 1943, ta mutu a Auschwitz a 1944. Ɗanta Gerhard ya zama ministan shari'a na Jamus ta Yamma a 1969. Akwai kuma waɗanda suka rasa mafita, kamar marubuci Jochen Klepper, wanda ya kashe kansa tare da matarsa Bayahudiya da 'yarta a Disamba 1942 bayan an hana yarinyar izinin fita ƙasar.

A ƙarshen Fabrairu 1943 aka kama Yahudawan da suka rage a masana'antun Berlin, aka ware kusan 2,000 masu auren Jamusawa aka tsare su a wani gini a titin Rosenstrasse. Matansu da danginsu suka yi ta taruwa a bakin ginin kusan mako guda suna neman a ba su mazajensu, aka kuwa sake su. Masana tarihi sun saɓa a kan dalili. Nathan Stoltzfus yana ganin zanga-zangar ce ta tilasta wa gwamnati. Wolf Gruner, bisa takardun Gestapo, yana ganin da ma ba a shirya korar wannan rukuni a lokacin ba, an tara su ne don tantance su da zaɓar ma'aikata daga cikinsu. Babu wanda ya musanta cewa matan sun tsaya a titi alhali ba su san yadda za ta ƙare ba.

Har a cikin sansani an yi soyayya. Mala Zimetbaum, Bayahudiya daga Beljiyam mai aikin tafinta a Birkenau, wani ɓangare na Auschwitz, da Edek Galinski, fursunan siyasa ɗan Poland, sun tsere tare a ranar 24 ga Yuni 1944, shi sanye da kakin dakarun SS, rundunar Nazi mai tsaron sansanonin. Bayan kamar mako biyu aka kama su, aka kashe su duka. Saboda haka masu cewa soyayya ba ta da gurbi a wannan tarihi ba su da hujja.

Inda rigimar ta fi zafi

Soyayya tsakanin fursunoni biyu, ko tsakanin Bayahudiya da maƙwabcinta farar hula, ba ta cika tayar da ƙura ba. Wadda ke tayarwa ita ce ta fursuna da mai tsaronta. A 2014 aka buga littafin Kate Breslin mai suna For Such a Time, inda wata Bayahudiya ta kamu da son kwamandan SS na sansanin Theresienstadt. A 2015 ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka ta sa shi cikin jerin masu neman lambar yabonta a rukuni biyu. Marubuta da masu karatu da yawa, musamman Yahudawa, suka yi ca. Ƙorafinsu biyu ne: an mai da shugaban wurin da kimanin mutum 33,000 suka mutu, aka kuma tura kusan 88,000 daga cikinsa zuwa sansanonin kisa, jarumin da mai karatu zai so, sannan labarin ya karkatar da jarumar zuwa Kiristanci, abin da ke tuna musu da tuban tilas na ƙarnoni. Masu kare littafin sun ce an gina shi ne a kan ƙissar Esther ta Littafi Mai Tsarki, kuma jigonsa tuba ne da ceto. Littafin bai ci lambar ba.

Irin wannan dangantaka ta taɓa faruwa, sai dai yadda ta faru ya fi ƙarfin tsarin labarin soyayya. Helena Citron, Bayahudiya daga Slovakiya, tana aikin ware kayan waɗanda aka kashe a Auschwitz, wani jami'in SS ɗan Ostiriya mai suna Franz Wunsch ya nace yana son ta. Ya ceci yayarta daga ɗakin iskar gas mai guba, amma 'ya'yan yayar guda biyu an kashe su. A 1972, da ake yi masa shari'a a Vienna, Citron ta zo ta ba da shaida a kan alherin da ya yi mata da kuma dukan da ta ga yana yi wa wasu fursunoni. Kotu ta sallame shi. Tambayar da masu suka ke yi ita ce: macen da ranta ke hannun mutum, wadda ƙin amsa masa zai iya zama ajalinta, ina yardarta take? Marubucin da ya share wannan tambaya don ya kai ga ɗaurin aure ya sauya ainihin abin da sansanin yake.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa adadi ba ya shiga zuciya, amma mutum biyu masu suna da fuska suna shiga. Suna da misali mai ƙarfi. A 1978 wata tashar talabijin ta Amurka ta nuna wani shiri mai dogon zango kan wani iyali na Yahudawan Berlin, wanda ɗansu ya auri Bajamusa Kirista. Elie Wiesel, wanda ya tsira daga Auschwitz, ya soki shirin a jarida cewa ya mai da bala'i wasan kwaikwayo mai arha. Amma da aka nuna shi a Jamus ta Yamma a Janairu 1979, kimanin mutum miliyan 20 suka kalla, gidaje suka shiga tattauna abin da iyaye suka daɗe suna rufewa, a watan Yuli na shekarar kuma majalisar dokoki ta soke wa'adin da bayansa ba a iya gurfanar da mutum kan laifin kisa. Masana da dama na ganin shirin ya taimaka wajen hakan.

Masu suka ba su ce kada a rubuta ba, akasarinsu. Damuwarsu ita ce mai karatu ba ya rarrabe ƙirƙira da gaskiya, musamman idan bangon littafi ya ce labarin ya faru da gaske. Littafin Heather Morris, The Tattooist of Auschwitz, na 2018, an gina shi ne a kan hirarrakinta da Lale Sokolov, fursunan da aka sa yana buga wa 'yan'uwansa lamba a hannu da allura, wanda ya haɗu da Gita a sansanin, suka yi aure bayan yaƙi suka koma Ostireliya. Soyayyar gaskiya ce. Amma mai bincike a gidan tarihi na Auschwitz, Wanda Witek-Malicka, ta lissafa kurakurai: lambar da aka ba Gita a littafin ta saɓa da wadda ita kanta ta faɗa a shaidarta, an sa Lale ya samo maganin fenisilin a 1943 lokacin da ba a samunsa a wurin, hanyar jirgin ƙasan ma ba daidai ba ce. Morris ta ce ita labari ta rubuta daga tunanin mutum guda, ba littafin tarihi ba. Gidan tarihin yana ganin kuskure a wannan fage yana da tsada ta musamman, domin masu musanta Holocaust suna farautar irinsa su ce ga shi duk ƙarya ce.

Hujjar farko ta fi ƙarfi a kan batun jawo hankali, ta biyu ta fi ƙarfi a kan abin da ke zama a kan mai karatu bayan ya rufe littafi. Wanda ya karanta irin waɗannan labarai goma zai iya fita da tunanin cewa mai wayo ko mai kyau ko mai masoyi yana tsira, alhali akasarin waɗanda aka kai Auschwitz an kashe su cikin sa'o'i da isowarsu, ba a ma yi musu rajista ba.

Abin da ya shafi mai karatu da iyalai

Ga mai karatu ko mai kallo, akwai alamun da ke taimakawa. Marubuta masu kula sukan sa bayani a ƙarshen littafi su faɗi abin da suka samo daga tarihi da abin da suka ƙirƙira. Yana da kyau kuma a duba ko Bayahuden cikin labari yana da dangi da addini da sana'a da ra'ayinsa, ko kuwa an ajiye shi ne kawai don wani ya cece shi ya zama gwarzo. Malaman makaranta a ƙasashen da ake koyar da wannan tarihi suna fama da wannan, domin ɗalibai da yawa suna zuwa aji da abin da suka gani a fim.

Nauyin da ke kan ƙagaggun labarai yana ƙaruwa ne saboda shaidu na ƙarewa. A bikin cika shekara 70 da 'yantar da Auschwitz a 2015, waɗanda suka tsira kimanin 300 ne suka halarta. A na shekara 80, ranar 27 ga Janairu 2025, kimanin 50 ne.

Iyalai kuma suna da tasu matsalar. Da Morris ta fitar da littafi na biyu a 2019 kan wata mata ta gaske da ta tsira daga Auschwitz aka sake ɗaure ta a Tarayyar Sobiyat, ɗan mijin matar ya fito ya ce an jingina mata abubuwan da ba su faru ba, kuma abin ya ɓata wa iyalin rai. A Ingila da yawancin jihohin Amurka, inda ake buga mafi yawan waɗannan littattafai, ba a shigar da ƙarar ɓata suna a madadin mamaci, don haka iyali ba su da abin yi sai magana da jarida ko roƙon kamfanin ɗab'i. Jamus ta bambanta: dokar laifuffukanta ta tanadi hukunci kan tozarta sunan mamaci, ta kuma haramta musanta Holocaust a bainar jama'a.